Ku Ci, Ku Ƙoshi, Ku Mance da Ni

Daga Allah muke, gare shi muke komawa, kowa da ranar da aka rubuta masa. Tata ranar ta zo wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa a fadamar Wurno. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, ta aike ni kasuwa in sayo mata citta da kanumfari. Kafin in dawo har an rufe mata fuska.

Jama'a ta taru fiye da yadda na zata. Matan unguwa suka cika tsakar gida, wata tana kuka tana cewa yanzu sai a ga mai iya wa makaɗa in biki ya tashi, don ita kam ko ɗaure ta aka yi ba za ta iya ba. Mahauta suka bar rumfunansu suka zo ɗaukar makara. Limamin unguwarmu, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, shi ya sallace ta, da aka dawo daga maƙabarta ya ce shi shaida ne kiɗa bai taɓa sa ta jinkirta salla ba. Yana faɗa yana share ido da jelar rawaninsa, yana yi kamar gumi yake sharewa.

Abin da na lura da shi, ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, shi ne yadda maganar ke maƙale wa mutane a wuya. In an zo maka ta'aziyya ai sai an ambaci abin da mamaci yake a wurinka, a ce Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ko kawunka, ko yayarka. Ita kuwa sai in ji an ce, "Allah shi jiƙan," sai a tsaya ana lalube, daga can a ƙarasa da "tsohuwag gidanga." Gwaggwannin matata da suka zo daga Rabah su kam ba su yi lalube ba. Suka ce an yi rashin mai hidima, irinsu sun ƙare a zamanin nan. Na ce amin, na miƙa musu goro.

To, abin da ya sa na ajiye keken ɗinkina na ɗauki alƙalami shi ne in faɗi abin da take a wurina. Yayar ubana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gwaggona ce ta jini, ita ta raine ni, kuma aurena da 'ya'yana sun zauna a gidana ne a kan cewa ba ita ba ce.

Ita da ubana sun shigo Wurno suna matasa, ba a daɗe da zuwan Nasara ba. Suka ce daga Gobir suke, fari ya koro su, aka kuwa yarda, don a shekarun nan kowa korarre ne. Gaskiyar ita ce daga wani rinji suka gudo, can wajen Boyekai a ƙasar Goronyo, irin ƙauyukan da ake tara bayi suna noma gandun ubangijinsu. A can aka haife su, a can suka bar kabarin uwarsu. Nasara sun ce an daina bauta, kuma an daina a gaban Joji. A bakin mutane ba a daina ba, musamman in maganar aure ta taso. Ubana ya koyi ɗinki, ya yi aure, ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ta bi shi ba da jimawa ba. Sai da na fara gemu Gwaggo ta gaya mini asalinmu, tana tsintar wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce ta faɗa mini ne don in san ramin da ke tsakar gidanmu, kada in faɗa ciki da gudu.

Ban san ranar da ta fara saukar makaɗa ba, na dai buɗe ido na ga zaurenmu masaukinsu ne. Wurno garin malamai ne. Kowa na son kiɗa a bikin ɗansa, amma ba mai son makaɗi ya kwana masa a gida, balle ya sa hannu a akushinsa. Saboda haka duk mai biki sai ya turo wa Gwaggo hatsi da mai da ɗan akuya, ya ce ta ji da su, shi ya wanke hannunsa.

Tana kuwa ji da su. Bakin gulbi take zuwa taryensu, ta ga ko kwalekwale ya jiƙa musu kaya. Kafin ta ba mutum ruwa sai ta ba gangarsa wurin zama. Ba a ajiye kalangu a ƙasa a gidanmu. Akwai tabarma ta musamman, akwai turaku da ta sa aka kafa a bango, in damina ce kuma ta kawo garwashi a kasko ta ajiye nesa kaɗan don fata ta ɗame. Mawaƙi ba ya shan fura mai sanyi sai ya gama aiki, ba ya cin miyar yauƙi, sai ruwan ɗumi da zuma da citta. Ta san wanda ba ya cin wake da wanda in ya ci ƙosai barci yake yi. In kuwa ta ga mai biki ya bar su a rana yana ta hira da baƙinsa, sai ta je ta tsaya masa a ka, ba ta cewa komai, har sai ya tashi ya sa an kafa rumfa. Sannan, abin da ya fi damun unguwa, takan zauna ta ci tuwo da su a ƙwarya ɗaya.

A kan wannan ne suka yi faɗa da Liman. Ya tare ta a bakin rijiya ya ce ta mayar da unguwa matattarar shaiɗan, kuma mace mai mutunci ba ta haɗa hannu da maroƙa. Gwaggo ta sauke tulunta, abin da ba ta yi wa kowa, ta ce, "Malam, ran da anka yi bikin ɗanka, wa yat tara maka mutane? Ko kai kab bi gida-gida da allo?" Liman ya ce a'uzu billahi ya wuce. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta da baki ba sai da ka, amma duk azumi ƙwaryar kununta na isa gidansa, kuma ban taɓa ganin ta dawo da saura ba.

Akwai wani makaɗin kurya daga yamma da kurkunu ya kama a ƙafa ana cikin biki. 'Yan'uwansa suka tafi suka bar shi, don wani bikin na jiransu a gaba. Damina guda ya yi a zaurenmu. Ita ke naɗe zaren tsutsar a tsinke kullum da safe, kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke, tana zaginsa tana cewa ƙato da shi yana kuka kamar ɗan yaye. Da ya warke ya ce zai yi mata waƙar da za a riƙa ji daga nan har Sakkwato. Ta ɗauko muciya. Ya ɗauka wasa ne, sai da ya ji ta a gadon bayansa.

Wannan ita ce dokarta guda ɗaya. Ba a wasa ta, ba a sa ta a waƙa, ba a yi mata take. Duk ayarin da ya sauka, in ta ajiye musu akushi, maganarta ɗaya ce: "Ku ci, ku ƙoshi, ku mance da ni." Mutane sun ɗauka kunya ce da tawali'u, har ana ba amare misali da ita. Ni da na san ramin na san tsoro ne. Makaɗi shi ne mai riƙe asalin kowa. Kakanka ya mutu, malamin da ya raɗa masa suna ya mutu, amma kiɗan da aka yi masa yana nan a hammatar wani yana yawo kasuwa-kasuwa. Gwaggo ta zaɓi ta zauna kusa da su ta toshe musu baki da tuwo. Ayari ɗaya ne kawai ba ta taɓa saukewa ba, na Goronyo. Da ta ji su ne za su zo, sai ciwon kai ya kama ta, ko ta tuna da wata dubiya a ƙauye.

Sai aurena ya zo. Yarinyar 'yar Rabah ce, na gan ta ne da na je ɗinka wa gidansu kayan salla. Ubanta mutum ne mai ji da asali. Ba shi da dukiyar a zo a gani, amma zai iya zaunar da kai daga azahar zuwa la'asar yana jera maka kakanninsa, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Ya sa an yi bincike a kaina, aka ce Bagobiri ne, maraya, ba ya shan taba, yana da keke. Ya ce to, Gobir dai abokan wasa ne, amma 'ya'ya ne ba bayi ba, ya ba ni. Shi da kansa ya ce shi zai ɗauko makaɗan da za su yi wasa a ƙofar gidana ranar da aka kawo amarya, don mutanen Wurno su san ba daga kango aka ɗauko ta ba. Ya ce kuma ba wasu zai ɗauko ba sai na Goronyo, masu tsohon nan makaho da ake cewa kalangunsa na magana.

Da na kawo wa Gwaggo labari tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya. Ta ce wannan makahon ta san shi tun yana gani, ɗan makaɗin gandu ne, tare suka yi wasan ƙasa. Na ce to ta yi ciwon kanta na kullum mana. Ta ce ina aka taɓa jin uwar biki ta yi ciwon kai ranar bikin ɗanta, ai shi ne abin da zai sa a fara tambaya. Ta ce tunda ba ya gani, murya kawai za ta ɓoye. Kwanakin da suka rage ba ta ci abincin kirki ba. Ina jin ta tana jan carbi a lokutan da ba ta saba ba, kaza ta yi kuka sai ta zabura.

Ranar da suka iso, karo na farko a rayuwarta ba ta je bakin gulbi ba, maƙwabcinmu ta tura. Abinci ma maƙwabciya ta riƙa kai musu, ita tana can madafa tana ba da umarni da hannu. Da komai ya tafi haka da an rabu lafiya. Amma tsohon ya sha rana a hanya, ya iso jikinsa zafi rau, muryarsa ta dushe, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Yaransa suka ruɗe. Maƙwabciyar tamu kuwa, da yake ba aikinta ba ne, ta ɗebo fura mai sanyi daga randa za ta ba shi. Gwaggo ta hango daga madafa. Na ga ta yi taku biyu ta tsaya, ta koma, ta sake fitowa. Ƙarshe ta fizge ƙwaryar daga hannun matar, ta haɗo ruwan zumarta, ta durƙusa gabansa ta ce ya buɗe baki ya sha a hankali.

Ya sha. Ya riƙe kofin bai sake ba, ya karkata kai.

"Wagga murya na san ta," in ji shi. "Ke ta ɗiyar mai kai muna tuwo gandu?"

Zauren cike yake. Ga yaransa, ga maƙwabta, ga biyu daga cikin gwaggwannin amarya da suka leƙo ganin makaho mai suna. Babu halin ta ja shi gefe. Ta yi dariya ta ce masassara ce ke sa shi jiye-jiye. Sannan ta matsa kusa, ta danne masa hannu da ƙarfi, ta faɗi maganarta ta kullum, amma da wata irin murya da ban taɓa ji ba.

"Ku ci, ku ƙoshi, ku mance da ni."

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Kowa haka shika cewa."

A wurin makaɗi, in mutum ya ce kada a wasa shi, roƙo yake a wasa shi da kyau. Haka manya ke yi, su kawar da kai suna cewa a bari, hannunsu na laluben aljihu. Makaɗan da suka saba da ita sun san tata dokar ta gaske ce, har da muciya. Wannan bai taɓa sauka gidanmu ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya tsinci 'yar garinsu bayan shekaru masu yawa, ta ba shi magani da hannunta, kuma shi ba shi da abin da zai saka mata da shi sai abu ɗaya. Ta yi ta neman hanyar da za ta same shi shi kaɗai, amma gidan biki ne, an riga an kawo amarya, kowa na kiran uwar biki.

Bayan la'asar aka kafa wasa a ƙofar gida. Surukina na zaune a kan buzu a tsakiyar mutanensa, mata na bayan zana, ni ina gefe da abokaina cikin rigar da na ɗinka wa kaina. Jikin tsohon ya warware, zumar ta yi aiki. Ya yi wa surukina taken gidansu, ya bi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sanƙira na fassara da baki, surukina na kawar da kai yana cewa a bari. Ya yi na maɗinka, ya yi na mahauta, ya yi na masu albasa. Wuri ya yi daɗi, har na fara cewa a raina ko ya gane.

Sai ya ɗaga hannu, yaransa suka tsaya cak. Ya juya fuskarsa wajen da hayaƙin madafa ke fitowa. Ya gyara kalangu a hammata, ya fara wani kiɗa shi kaɗai, a hankali, mai nauyi, irin na tafiyar mutumin da ya ɗauko kaya. Sanƙira ya buɗe baki ya rufe, don bai san shi ba. Samari suka dubi juna. Gwaggo ta fito bakin zaure da ƙwarya a hannu, tana kaɗa masa ɗaya hannun, tana kaɗawa, tana kaɗawa. Makaho take yi wa hannu. Shi kuwa hawaye na bin kumatunsa yana murmushi, don kiɗan da ake yi wa uwarta ne in ta tunkaro gandu da tuwon bayi a ka.

Tsofaffi biyu ko uku a wurin suka sunkuyar da kai. Surukina ya ɗago nasa. Yana saurayi ya bi ubansa sayen fatu a ƙasar Goronyo, ya kwana a rinji ba sau ɗaya ba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kai makaɗi. Wa kaka yi ma kiɗan rinji ga bikin ɗiyata?"

Kalangu ya mutu. Na ga murmushin ya bar fuskar tsohon, na ga lokacin da ya gane. Surukina bai jira amsa ba, ya juya ya ce wa ƙaninsa a shiga a gaya wa mata su dakata da jeren ɗaki, kuma kada a kwance wa jakai mangala. Daga bayan zana guɗa ta yanke.

Gwaggo ta ajiye ƙwaryar. Ta tuɓe takalmanta a bakin zaure, ta sauke gyalenta ta ɗaura a ƙugu, ta tako ƙafa ba takalmi har tsakiyar fili. Matar da ba ta durƙusa wa Liman ba ta zube nesa da buzun, goshinta kusa da ƙasa.

"Ranka shi daɗe, kiɗana na. Ni ta baiwa. Uban yaronga ɗan ubangijina na, ni anka ba shi in goya, da gida yaw watse nib biyo shi. Gwaggon da kaka ji shina kirana, ta goyo ta."

Surukina ya dube ta, ya dubi makaho, ya ce, "Haka na?"

Tsohon ya shafa tsarkiyar kalangunsa. Ya san ubana tun yana rarrafe, ya san cikin da ya haife su su biyun. Ya ce, "Haka na."

Sai surukina ya juyo gare ni. Gwaggo ma ta ɗan ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini ina ƙarami in na nufi wuta. Na sunkuyar da kai, aka ɗauke shi kunyar ango. Surukina ya saki fuska, har ya yi dariya, ya ce ashe gidan asali ya ba ɗiyarsa, tunda har da bayin gado. Ya ciro goro ya jefa mata. Goron ya faɗi a ƙasa, ta ɗauka da hannu biyu ta yi godiya. Ya ƙara da cewa sai dai a gyara baki, don jikokinsa ba za su tashi suna kiran baiwa gwaggo ba. Aka ci gaba da jere, aka sake guɗa, aka ce makaɗa su tashi. Yaran suka yi ta yi har magariba, amma tsohon bai ƙara taɓa kalangu ba. Tun da nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na ganin goron nan a ƙasa ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Washegari da sassafe suka tafi. Gwaggo ta raka su bakin gulbi kamar yadda take raka kowa, ta riƙe wa tsohon sanda har ya shiga kwalekwale. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Da ta dawo ta kwashe kayanta daga ɗakin tsakar gida ta koma ɗan ɗakin da ke jikin zaure, inda ake ajiye ganguna. Na bi ta ina cewa ba zai yiwu ba. Ta sa na dafa Alƙur'ani cewa muddin tana numfashi ba zan ƙara kiranta da sunan nan ba, ko mu biyu ne, don baki ba ya rarrabe ɗaki da fili. Ta ce ita ta riga ta ci rabonta na duniya, kuma ba ta gudo da ƙaninta daga rinji don ɗansa ya koma ba.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Matata mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, takan ajiye mata nama mai taushi. Amma takan aike ta, kuma Gwaggo takan tashi ta je. 'Ya'yana suka tashi suna ce mata Tsohuwa. In surukaina sun zo ita ke kai musu ruwa, ta tuɓe takalmi, ta fita da baya. Ta iya abin har ya ba ni tsoro, don ban san a ina ta ajiye shi duk shekarun da ta yi tana taka Wurno da ƙarfi ba. Makaɗa kuwa ba ta daina saukewa ba, faɗanta da masu biki ma sai abin da ya ƙaru. Makahon bai sake zuwa Wurno ba, ko nawa aka ce za a ba shi, har muka ji rasuwarsa. Ranar ta yi sadakar waina, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Ranar sadakar uku surukina ya zo da kansa. Ya tsufa, amma kunnensa garau. Aka shimfiɗa masa buzu a damana, ya ce ya zo ne don ladan zumunci, ko da yake ba wajibi ba ne a kansa. Zaure ya cika, malamai sun gama sauka, ana shirin raba gumba, sai wani baƙo ya yi sallama. Magidanci ne da ƙurar tafiya a ƙafa, da wani abu naɗe a zane a hammatarsa. Ko ba a kwance ba kowa ya san kalangu ne. Ya duba inda zai ajiye, ya ga turakun da ke bango, ya rataye.

Ya ce daga Goronyo yake, shi ɗan makahon nan ne. Lokacin bikina yana can wajen kakanninsa, bai taɓa zuwa Wurno ba. Ya ce ubansa da zai cika ya bar masa wasiyya guda, cewa akwai wata mata a Wurno mai saukar makaɗa wadda ya ɗauki alhakinta, duk ranar da ya ji ta rasu ya bar abin da yake yi ya je ya yi gaisuwa. Ya ce bai san ko mene ne alhakin ba, shi dai an gaya masa wanda zai yi wa gaisuwar. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane na ɗan ƙanen marigayiya?"

Carbin surukina ya tsaya. Liman ya zuba wa tabarma ido. Daga cikin gida ina jin muryar autana yana wasa, da ƙarar ludayi a tukunya. Ba wanda zai ga laifina in na ce baƙo ya yi kuskuren gida.

Na ce, "Ni na."

Mutumin ya matso ya durƙusa ya kama hannuna. "Allah shi jiƙan gwaggonka, shi yahe mata, shi haskaka makwancinta, shi sada ta da iyayenta cikin rahama." Na ce amin da ƙarfi, Liman ma ya ce amin, sauran suka bi a rarrabe.

Surukina bai tsaya an shafa fatiha ba. Ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya ce a shiga a ce wa ɗiyarsa ta ɗauko mayafinta. Ba a jima ba ta fito da auta a baya, idonta ya yi ja. Da ta zo daidai inda nake zaune ta rage tafiya, ba ta dube ni ba, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Allah shi jiƙan Gwaggo." Sannan ta gyara goyonta ta bi bayan ubanta.